Yakuwa a Fangalin Fulawa

Tun da kuka sauka a ɗakin nan nake jin ku kuna gulmar aikina, kuna zaton barci nake yi. Wai Baba Yohanna ya more, a lambu yake wuni, ana biyansa ya sha inuwa ya kalli ciyawa tana girma. Jiya ma ɗayanku cewa ya yi idan ɗaukar kaya a kasuwar Naif ya ishe shi, in yi masa hanya ya zo wajenmu ya huta. To tunda yau Lahadi ce, na dawo daga coci ba inda za ni, bari in ba ku labarin irin hutun da ake yi a lambun shaƙatawa na unguwa, a garin da ciyawa ba ta da niyyar rayuwa ko kaɗan sai an tilasta mata.

Ni mutumin Kaltungo ne, amma a Kaduna na koyi shuka, a bakin kogi inda ake jera fulawa cikin leda ana sayar wa masu sababbin gidaje. A can ka soka reshe a ƙasa ka juya baya, kafin ka waiwayo ya yi ganye. Da wannan girman kan na zo Dubai. Kamfani ya ajiye ni a wani lambu da ke bayan gidajen International City, can wajen da gari ya fara ƙarewa rairayi ya fara. Ba babba ba ne: filin ƙwallo ɗaya, wurin wasan yara, hanyar masu zagaye, bencina, da fangalan fulawa a gefen shinge. Na dube shi na ce a raina wannan ai kafin azahar na gama.

Aikin farko da aka ba ni shi ne in cire takalmi. Shugaban ma'aikatan wurin wani tsoho ne ɗan Pakistan mai suna Gulzar, siriri, gemunsa ja da lalle. Ba ya jin Hausa, ba na jin yarensu, abin da ya haɗa mu bai wuce ɗan Larabcin aiki ba: yalla wato yi sauri, halas an gama, shwayya kaɗan-kaɗan, mushkila matsala, sauran kuwa da hannu ake yi. Ya nuna takalmina, ya nuna ciyawa. Na taka filin nan ba takalmi da sassafe, daga wannan raga zuwa waccan, yana bina a baya kamar mai kora jaki. Inda ƙafa ta nutse ta ji sanyi, bututu ya fashe a ƙasa. Inda ciyawa ta soke ka kamar kan tsintsiya, kan feshi ya toshe, wurin bai sha ba. Ido ba ya ganin wannan sai bayan kwanaki, lokacin kuwa an makara. Sai da na yi wata da watanni ina tafiyar nan kafin tsohon ya yarda in taɓa injin yankan ciyawa, kuma ranar da ya ba ni, tsaye ya yi a kaina har na gama, don in ka aske ta ƙasa da yawa a lokacin zafi, ka kashe ta ke nan.

Yana da wani ƙarfe mai tsini da yake yawo da shi, kamar na masu duba buhun hatsi a kasuwa. Ya soka a ƙasa ya zaro ya murza rairayin a yatsa ya shinshina. Shi ya nuna min farin gishirin da ke tasowa a gindin itatuwa. Ƙasar nan ba ƙasa ba ce, rairayi ne da gishiri, duk abin da kuka gani kore a garin nan da mota aka kawo ƙasarsa, da mota aka kawo takinsa, ruwansa kuma da inji ake tura shi. Ka kashe injin ka tafi hutu, ka dawo ka tarar da hamada ta karɓi kayanta.

Ruwan ma labarinsa daban. Bututunmu launin shunayya gare su, ba don ado ba, don kowa ya san ba na sha ba ne. Ruwan da gari ya yi wanka da shi ya shiga bayan gida da shi, shi ake tacewa a maido mana. Ciyawa na sonsa, cikin mutum ba ya so. An kafa allo da Larabci da Turanci da wasu yaruka, har da hoton kofi an ja masa jan layi. Su wa kuke jin ba su taɓa ganin allon nan ba? Mutanenmu. Da yammar Juma'a 'yan kasuwar Naif za su zo da iyalansu, la'asar ta yi, sai ka hango Alhaji guda da babbar riga ya tsuguna ya kwance min mahaɗin tiyo yana cika buta. In taho da gudu ina cewa Alhaji ga famfon masallaci can, taku kaɗan ne. Sai ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Ai ruwa ruwa ne, Malam.” In na faɗa masa daga inda ruwan ya fito, sai ya furzar ya hau ni da faɗa, wai me ya sa ban faɗa tun da wuri ba.

Wurin wasan yara kuwa kullum da shi nake farawa bayan ruwa. Kowane lilo sai na kama sarƙarsa na jijjiga, na bi kusoshi da sifana, don gishirin iska na cin ƙarfe ta ciki, fenti na nan lafiya lau a sama. Sai in ɗauki manjagara in tace rairayin kaf. Abin da ban tsinta a ciki ba kaɗan ne: fasasshiyar kwalba, ƙashin kaza, tsinken tsire, allurar ɗankwali, kashin kyanwa. Kyanwowin ma akwai wata baiwar Allah da ke zuba musu abinci a ƙarƙashin abin zamiya, na roƙe ta har na gaji. Da zafi ya shigo, sai na ɗora bayan hannuna a kan abin zamiyar kafin in buɗe ƙofa, don yana iya saluɓe fatar yaro. Idan yaro ya yi wasa ya koma gida lafiya, ba wanda ya san da ni. Ran da ya yanke a ƙafa, ranar kowa zai san sunana har da na kakana.

Manya sun fi yara ɓarna. Masu wasan kurket sai sun ƙwaƙule ciyawa a tsakar fili don ƙwallonsu ta yi tsalle. Masu gashi in sun gama su juye garwashi a gindin itace, su zuba ruwa su tafi, bayan mako itacen ya fara zubar da ganye a tambaye ni me na yi masa. Namu kuma su shimfiɗa tabarmar roba tun rana na da ƙarfi, su ɗora kuloli, a yi hira har magariba. Washegari in zo in tarar da hoton tabarmar a ƙasa, ciyawa ta dahu ta yi ruwan ƙasa, kusurwa huɗu cif. Kuma duk wanda ya yi, da murmushi zan yi masa magana, don shi baƙon lambu ne, ni mai riga kore.

Duk wannan wasa ne a kan shekarar da injin ruwa ya lalace. A tsakiyar zafi ya tsaya, lokacin da ko ƙarfen baro ba ya taɓuwa sai da safar hannu. Kayan gyaransa sai an yi oda daga waje. Muka koma jiran tanka, muna jan tiyo da hannu daga itace zuwa itace, mu huɗu: ni, Gulzar, da wasu 'yan Nepal biyu. Dole muka zaɓi abin da zai rayu. Muka ceci itatuwa, muka zuba ido filin ƙwallo ya ƙone ƙurmus. Masu zagaye da ba su taɓa ce mana sannu ba suka fito da waya suna ɗaukar hoto suna aikawa ofishin masu unguwar. Kafin a gyara injin, kamfaninmu ya rasa wasu lambunan da yake riƙe da su, mutanen da muke kwana ɗaki ɗaya da su aka soke bizarsu aka kai su filin jirgi.

Mudir, wato manajan kamfani, ya tara mu a gaban ɗakin inji ya faɗa mana ba ɓoye-ɓoye. Da sanyi ya fara shigowa, mai duba aiki zai zo daga ofishin masu unguwar. In ya ga lambu ya dawo daidai, a sabunta kwantiragi. In ya ga ko abu ɗaya da bai gamshe shi ba, halas, kowa ya haɗa jakarsa. Ni ina da yara a makaranta a gida. Gulzar kuwa shekarunsa sun kai inda ba kamfanin da zai sake yi masa biza, in ya fita ya fita ke nan. Ya tsaya yana murza ƙarfensa.

Fangalan fulawa ni aka bar wa. Na kwashe tsohuwar ƙasa, na zuba sabuwa, na cakuɗa da taki, na ja siraran bututun ɗigo layi-layi, na daidaita da manjagara har sai da wurin ya yi laushi kamar garin tuwo. Aka kawo dashen fulawa na jera, fari da ja. Ban daɗe da gamawa ba na fara ganin wani tsiro a tsakaninsu. Na cire na jefa a baro ban ko duba ba. Ya sake fitowa, na sake cirewa. A karo na uku ne na tsaya na kalle shi: kara ja, ganye mai ɗan tsaga. Na tsinki ɗaya na ɗora a harshe, tsami ya kama min muƙamuƙi, na tofar. Yakuwa ce. A Dubai, a fangalin kamfani.

Da farko na ɗora laifin a kan taki. Amma ciyawar da taki ya kawo a warwatse take fitowa, wannan kuwa a jere take, tsakanin kowace da 'yar'uwarta taku guda na babban mutum, kuma a gefen kowace ga ɗan lotsawar dunduniya. Wanda duk ya taɓa bin bayan sungumi da ƙoƙon iri ya san wannan aikin. Nan take na san abin da mai duba aiki zai gani. Shuka abin ci da ruwan shunayya babban laifi ne, kuma ba zai ce baƙo ne ya yi ba, cewa zai yi ma'aikata sun buɗe gona da ruwan kamfani. A cikinmu huɗu kuma wa ya fito daga ƙasar masu miyar yakuwa?

Washegari na laɓe a bayan shinge tun buɗe ƙofa. Can sai ga wani dattijo da farar jallabiya da hula, yana dogara sandar asibiti mai roba a gindi. Yana tafe a bakin fangali kansa a sama, kamar mai kallon tsuntsaye. Ya soka sanda, hannu ya fito daga aljihu ya saki wani abu, dunduniya ta rufe, ya yi gaba. Ko sau ɗaya bai dubi ƙasa ba. Da ba fangalina ba ne da na tsaya na sha kallo, don rabona da ganin shuka mai tsabta haka tun mahaifina na da rai.

Na fito na rusuna na ce, “Baba, barka da asuba.”

Ya tsaya ya ƙare min kallo. “Barka kadai. A'a, ɗan gida ne? Daga ina?”

“Daga Kaltungo, Baba. Yohanna sunana.”

“Madalla. Ni Sale, daga Kadawa. Kai ne mai gonar nan?”

“Ba gona ba ce, Baba, lambun shaƙatawa ne.”

“Wa ya gyara ƙasar?”

Na ce ni ne.

“Hannunka na da kyau, ɗana. To wa ya sa ka shuka wannan?” Ya nuna fulawa da sanda. “Ana miya da ita?”

“A'a, Baba.”

“Akuya na ci?”

“Ba akuya a nan. Ta kallo ce.”

Ya jinjina kai ya ce, “Kallo. A zuba taki, a ja ruwa har gindi, dare da rana, don kallo.” Sai ya hangi baro da tsiron da na cire jiya a ciki. Fuskarsa ta canja. “Ashe kai ne ɓarawon. Ni ina ta zargin tsuntsaye.”

Na zaunar da shi a benci na yi masa bayanin ruwan shunayya dalla-dalla, da maganin ƙwarin da muke fesawa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Salak ɗin da kake ci a gida, ka taɓa tambayarsa wane ruwa ya sha?” Da na tambaye shi inda ya samo iri, sai ya zaro gurguzu daga aljihu ya nuna min yana dariya. Zoɓon da surukarsa ke sayowa a Naif yake zama ya tsince, ɗaya-ɗaya.

Ranar hutuna na shiga bas har Naif neman ɗansa, Alhaji Nasiru, mai harkar kago. Na same shi tsakanin ƙullin jakunkuna da takalma, waya a kowane kunne, yana faɗa da wani a kan kwantena. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya ajiye wayoyin ya dafe kai.

“Wallahi Malam Yohanna na gaji. Wankin ƙoda na kawo shi. Likita ya ce ya riƙa ɗan tattaki da safe, shi kuma ya ji an ce ya koma noma. Na ce a ɓoye zoɓon, ya shiga kicin da kansa ya lalubo. Mutumin da bai taɓa kwana bai ga gonarsa ba, ka kulle shi a fulat hawa na uku, me kake jira? Ka yi haƙuri shwayya, zan yi masa magana, inshallah.”

Ko ya yi maganar ko bai yi ba, ni dai ban ga alama ba. Muka shiga wasan ɓuya da tsohon nan. Ya shuka da safe, in bi sawun dunduniyarsa da yamma ina tono. Ya gane, ya koma share sawun da gefen takalmi. Na tsare fangalin gaba, ya koma na baya. Na samo bokitan fenti na huda gindinsu, na cika da ƙasa mai kyau, na ɗauka a ka har hawa na uku, na nuna masa yadda zai tari ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki ya riƙa ba su. Ya yi godiya sosai, ya sa aka kawo min shayi, sannan ya ce, “Ni da na noma abin da mota ke ɗauka, a bokitin fenti zan ƙare?” Washegari na same shi a bakin fangali.

Ran nan raina ya ɓaci ƙwarai. Ban taɓa ɗaga wa sa'an mahaifina murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na daina zagaye-zagaye. Na nuna masa Gulzar can nesa yana durƙushe yana gyaran kan feshi. Na ce, “Baba, ka ga wancan tsohon? In mai duba aiki ya ga yakuwa ɗaya a nan, shi da ni da yaran can biyu jirgi za mu hau. Ni wataƙila in samu wani wurin. Shi ba zai samu ba.”

Ya daɗe yana kallon Gulzar. Sannan ya ce, “Ashe abincin mutane nake taɓawa. Me ya hana ka faɗa min haka tun farko, kake ta ba ni labarin ruwa?” Ya juye aljihunsa a tafin hannuna. “Na daina, ɗana. Halas, in ji mutanen garin.”

Ya kuwa daina. Sai dai ban huta ba, don ya mai da bencin da ke can ƙarshen fangalin baya ofishinsa. Kullum yana nan yana ba ni umarni. Na cika ruwa. Na yi sakaci da gefen gabas. Riƙon fartanyata irin na 'yan birni ne. Filin ƙwallon da muka sha wuya muka tayar, ya ce da dawa aka zuba a ciki da an ci shekara. Shi da Gulzar har suka saba, su zauna kowa na yarensa, suna murza ƙasa a yatsa suna gyaɗa kai. Ina lura tafiyarsa na raguwa, daga ƙofa zuwa bencin sai ya tsaya a hanya ya huta. Daga baya ya daina zuwa. Na ce a raina in mun rabu da mai duba aiki zan hau in gaishe shi, don lokacin ko abinci a tsaye muke ci: ga fentin layin fili, ga askin shinge, ga sabon rairayi a wurin yara.

Ranar duban, na yi zagayen ƙarshe da sassafe, ba takalmi, kamar yadda aka koya min. Fangalin baya na bari a ƙarshe, don tun da tsohon ya yi alkawari na daina bincikarsa. Ina zuwa na ga jan kara, ganye bibbiyu, sun fito reras tsakanin fararen fulawa. Na tsaya cak. Abin da ya fito daga bakina ba zan maimaita muku shi ranar Lahadi ba. Mutum ya dubi idona ya yi alkawari, ga motar mudir na hanya.

Na durƙusa na fara cirewa, ina cusawa a aljihun riga don baro na nesa. A nan ne na lura da jeren. Daga farko taku guda ne cikakke, irin nasa. Da aka ɗan matsa sai ya koma rabin taku. Can gaba bai fi tsawon ƙafa ba, kuma ba sawun dunduniya, da gindin sanda aka tura ƙasar. Na ƙarshe-ƙarshen a cunkushe suke kamar an zubar, daidai ƙafar benci. Na ga inda ya fara, na ga inda ƙarfinsa ya ƙare ya zauna. Na ci gaba da cirewa. Ban bar ko ɗaya ba. Na bi da hannu na shafe ramukan, na gyara bututun ɗigo, na sa takalmina.

Mai duba aikin ya zo, mutum ne mai natsuwa, ya san abin da yake nema. Ya taka fili, ya sa aka kunna feshi, ya jijjiga lilo, ya tona rairayin yara da takalmi. Ya bi fangalan ɗaya bayan ɗaya, a na bayan har ya tsuguna ya ɗaga ganyen fulawa ya leƙa, ni kuwa ina tsaye hannuna dafe da aljihu. Ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya ce wa mudir, “Tamam,” wato komai ya yi daidai. Gulzar ya juya ya shige ɗakin inji, ya daɗe bai fito ba.

Motarsu na fita, tasi na tsayawa. Alhaji Nasiru ne, ba waya a hannunsa, idanunsa sun yi ja. Ya ce daga asibiti yake, jikin Baba ya tsananta tun makon jiya, yau da asuba ya farfaɗo.

“Ya ce in zo in ba ka haƙuri, wai ya saɓa alkawari. Wai ya tsinci sauran iri a ɗinkin aljihu, hannunsa ya ƙi jin magana.” Ya ƙara da cewa, kamar mai jin kunyar sauran saƙon, “Kuma wai in duba masa ko ta fito.”

Ya waiga yana neman ta a cikin fulawa. Na zura hannu a aljihu na fito da su, sun fara yaushi, ƙasa na manne a saiwarsu. Na zuba masa a tafi biyu.

Na ce, “Ka ce masa ta fito. Duka, ba giɓi ko ɗaya. Ka kuma ce masa an sabunta mana kwantiragi.”

Bayan an yi sadakar uku Alhaji Nasiru ya dawo lambun ya same ni, don a makon tsohon ya cika. Ya ce da ya kai masa tsiron, Baba ya karɓa ya juya saiwar, ya murza ƙasar a yatsa, ya kai hanci. Bai tambayi dalilin cire ta ba. Abin da ya ce kawai shi ne, “Ka gaya wa Yohanna ƙasarsa ta yi. An dai ɓata ta da fulawa.”

Gulzar ya ƙara shekarunsa a lambun har ya ajiye aiki da kansa, ya bar min ƙarfen. Yarana sun gama makaranta. Fangalin na nan, duk shigowar sanyi ni nake juya ƙasarsa, in zuba taki, in ja bututu, in jera fari da ja, masu zagaye su tsaya su ɗauki hoto su ce ma sha Allah. Da can ni ma ina ganin kyanta. Tun daga shekarar nan tsohon ya lalata min ido, in na gama jerawa na miƙe na duba, ba abin da nake gani sai gona mai kyau da ba a shuka komai ba.

Motar kamfani kafin fitowar rana take zuwa. Mai son hutu ya kwanta da wuri.